Gwangwanin Jatau

Kakana Jatau bai bar gona ba,
bai bar ko tunkiya a turke ba.
Ranar rabon gado a zaurenmu na Auyo
malamin ya ɗaga gwangwanin madara ya girgiza,
ya ce, wannan kuma rabon wa?
Kowa ya kau da kai.
Ni na miƙa hannu, ƙannen babana na dariya.

Haƙora ne, arba'in da ɗaya.
Baƙaƙe, da masu ruwan ƙasa, da masu launin tokar murhu,
wasu da 'yan tsinaye biyu a gindi kamar dogarai,
babbansu bai fi ɗan yatsana ba.
Dutse ne, in ka ciza za ka sani,
amma dutsen da ya taɓa tauna nama.

Shekara goma sha bakwai yana cin rani
a ƙasar Sakkwato, haƙar rijiya,
igiya a ƙugu, gaba goma, gaba ashirin,
har bakin ramin ya koma kamar kwabo a sama.
Can ƙasa, in ji shi, laka kan sake launi,
diga ta ce ƙas,
sai haƙori ya faɗo cikin kwando.
Abokan aiki su ce na mutanen ɓoye ne, a mayar musu.
Shi sai ya yi bisimilla, ya goge a riga,
ya ce mai abu ya biyo sawu.

Ba wanda ya biyo.

Ya kai wa Nabage masunci a bakin kogin Haɗeja.
Nabage ya buɗe bakin tsage, ya gwada, ya sake gwadawa,
ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan ya ce, Jatau, wannan ba ɗan ruwanmu ba ne,
mai wannan baki, tsage a wurinsa lomar buɗa-baki ce.

Malam Shu'aibu na firamare ne ya ba shi suna.
Kifin shak, ya ce, mazaunin zurfin teku,
domin akwai zamanin da teku ta kwanta a kan waccan ƙasa
tun ba a yi mai ƙirga shekaru ba.
Kakata Tabawa tana tankaɗe ta ɗago kai:
Teku a Sakkwato?
To ina ta kai ruwan,
da mijina zai ƙare ƙarfinsa yana neman cikin guga?

Ba wanda ya amsa mata.
Jatau dai ya yi murmushi.
Tun daga ranar, in ya zube su a tabarma bayan la'asar,
yakan jera su daga ƙarami zuwa babba,
ya ce mana, ku matsa, kada igiyar ruwa ta ɗebe ku,
mu kuwa mu ɗage ƙafafu da gaske.

Da tsufa ya zo, bakinsa ya zama kango,
kunu da safe, kunu da dare.
Ya ce, dubi ikon Allah,
kifi ya tafi ya bar haƙoransa,
ni haƙorana suka tafi suka bar ni.

Daren jiya na juye gwangwanin a kan faifai.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
A can ƙasa, maƙale da tsatsa,
ga wani ƙulli a tsumman rawani.
Na kwance.
Turmi ne, na mutum, da jan goro a jikinsa
da rami a gefe inda ciwo ya ci.

Na ajiye shi a ƙarshen layi, kusa da babban.
Bai kai shi tsawo ba, bai kai shi kaifi ba.
Amma shi ma ya sauka can ƙasa,
ya ga inda teku ta kwana.

Arba'in da biyu.
Na rufe gwangwanin, na kashe fitila.